Barakatu, Wadda Ta Ramar Mana da Ɗan Kokawa

Barakatu 'yar Yero ba ta da fara'a, wannan zan fara faɗa tun kafin wani ya ce wanke ta na zo yi. Doguwa ce, busasshiya, maganarta ba ta zagaye. In ta ce nonon yau ya yi tsami, to ya yi tsami, in kuwa ka roƙi gyara sai ta dube ka har ka ji kunyar kanka. Gidansu yana bakin ƙauyenmu, Rijiyar Tamu ta ƙasar Yekuwa, inda gonaki suka ƙare burtali ya fara. Fulani ne da suka zauna tun kakanni, suna noma gero da wake kamar kowa, suna kuma riƙe da shanu. Ni ne Isufu mai amalanke. Bijimaina biyu su suka ɗauki gyaɗar garin nan da amarensa da marasa lafiyarsa da gawarsa, shi ya sa ba abin da ya sami mutanen nan da ban san farkonsa ba.

Maza ba sa tsufa a gidan Yero. Shi kansa Yero a bakin rijiya ya faɗi yana jan guga, ko furfura bai gama yi ba. Babban ɗansa Dikko, ƙato mai ƙirji kamar ƙofar zaure, ya faɗi a kasuwar Magariya yana ɗaga buhun gyaɗa, shekara guda kafin babbar yunwa. Shekararsa talatin da uku. Ni na ɗauko shi a amalankena, an rufe shi da tabarma, Barakatu tana zaune a gefensa tana riƙe da bakin tabarmar don kada iska ta yaye. Tun daga Magariya har gida ba ta yi kuka ba.

Da shekarar fari ta zo, mijinta ya kora shanunsa kudu ya tsallaka iyaka, sai saƙon saki ya dawo a madadinsa. Ta koma gidan ubanta, ta ɗauki sanda. Mace ce ta dinga hawa gawo tana kakkaɓo wa shanu 'ya'yansa, muna kallo muna cewa ba kyau. Garken mutane suka ƙare, ita ta fito da tara a raye. Daga baya waɗanda suka ce ba kyau ɗin su suka riƙa haɗa mata 'yan shanun da suka rage musu ta kai kiwo. Abin da ya rage mata a duniya ke nan, shanun nan da ƙanenta Gidaɗo, autan gidan.

Gidaɗo kuwa Allah ya yi masa kokawa. Ba wanda ya koya masa. Noma da jan ruwan shanu da bin maruƙa su suka gina shi, in kaka ta yi ya shiga dandali ya yi ta zubar da samari. A ranin 1976 aka gayyace mu Dantchiao, ya kayar da Barau, wanda mutanen can suke rantsuwa bayansa bai taɓa shan ƙasa ba. Ku fahimce mu. Mun binne yara, mun ci abin da ba a faɗa, an san mu ne kawai a layin rabon dawa. Ranar nan aka kira sunan Rijiyar Tamu da kalangu. Ga shi kuma gwamnati ta fara haɗa kokawar ƙasa, ana zaɓen gwanaye a Magariya, a kai su Damagaram, daga can a je neman takobin da ake ba zakaran ƙasa. Mun riga mun ga takobin nan rataye a zauren maigari.

Sai aka ce an ga wani tsoho ya durƙusa ya ɗebi ƙasar sawun Gidaɗo a filin Dantchiao. Ni ban gan shi ba, kuma har yau ban haɗu da wanda ya gan shi da idonsa ba, kowa gaya masa aka yi. Amma bayan kwana bakwai idon sawun Gidaɗo ya kumbura, kuma ba yaron da bai san abin da ake yi da ƙasar sawun mutum ba. Gajere, sarkin samarinmu, ya tara gari. Mutum ne mai son garinsa har ya wuce kima, ba zan ɗora masa mugunta ba. Aka yanke cewa daga ranar har ranar zaɓe ƙafar Gidaɗo ba za ta sake taka ƙasar waje ba. Aka shimfiɗa tabarmi daga ɗakinsa zuwa makewayi. Ranar Juma'a ni nake kai amalanke har bakin ƙofa in kai shi masallaci in dawo da shi. Da damina ta faɗi aka yi masa gayya, ko fartanya bai taɓa ba. Kowane gida kuma da ranarsa ta kawo ciyarwa: man shanu, kindirmo, fura da zuma, kitsen rago in an yanka. Mutanen da ba su ƙoshi ba suna hana bakinsu suna kawowa, wa zai ce a mayar?

Kumburin ya sace cikin mako biyu, amma dokar ta zauna. Wata biyar Gidaɗo yana zaune muna kiwonsa. Da muka ɗora shi a baskil ɗin awon gyaɗa, daga kilo tamanin da biyu ya kai ɗari da tara. Aka yi guɗa. Ni ma na yi murna, ko da yake ina jin yadda yake haki in ya hau amalanke, hawan da bai fi taku ɗaya ba.

Da aka fara yankan gero sai takarda ta zo daga ofishin kumandan cewa duk ɗan kokawar da zai shiga zaɓe sai ya je bizit, likita ya duba shi ya buga masa tampo, wato hatimin lafiya. Na ɗauki Gidaɗo da Gajere. Barakatu ta ce za ta bi mu ta sayar da nono a Magariya, amma ban ga ta ɗauko ƙwarya ba.

Babban ma'aikacin gidan likitar, wanda ake kira Majo Wada, dattijo ne mai tabarau da ba ya gaggawa. Ya ɗaura wa Gidaɗo abin awo a dantse, ya saurari ƙirjinsa ya daɗe yana saurare. Da ya ɗauko allura zai ɗebi jini, Gajere ya miƙe. Mutumin da ya hana a ga sawu, ina zai yarda a ɗebi jini? Sai da Majo ya yi alkawarin za mu zauna mu tsare kwalbar da idonmu. Ya zuba jinin a wata siririyar kwalba, ya jera ta cikin sauran na 'yan kokawar da suka riga mu, muka zauna muna gadinta kamar masu jiran haihuwa.

Ashe jini in ya kwanta rabuwa yake yi, ja ya koma ƙasa, ruwa ya taso sama. Na sauran duk ruwan saman garau yake, rawaya-rawaya, kana hango yatsanka ta cikinsa. Na Gidaɗo ya fito fari fat kamar madara. Majo ya tambaya ko ya ci wani abu da safen nan, aka ce ya sha fura da mai. Ya ce mu kwana a gari, kada ya sa komai a baki sai ruwa, mu dawo da hantsi. Muka dawo, aka sake ɗiba, aka sake jira. Fari ya sake tasowa, har da wani kauri a samansa.

"Mene ne wannan, Majo?" in ji Gajere.

"Mai ne. Mai ne yake yawo a cikin jininsa."

Wallahi sai fuskar Gajere ta washe. Ya juyo ya dube ni, ni ma na ji daɗi ya kama ni. Kiwonmu ya shiga har jini, me ya fi wannan?

Majo ya cire tabarau. "Sarkin samari, ba abin murna na nuna maka ba. Ka ga waɗannan kwalaben? Masu su sun yi noman bana, suna gudu, suna kokawa kullum yamma. Jikin da ke aiki ƙone man yake yi. Wannan kun zaunar da shi kuna ɗura masa. Man nan lafewa yake a jijiyoyin da ke shayar da zuciya, yadda yake daskarewa a wuyan gora lokacin sanyi. Rana ɗaya ya yunƙura da ƙarfi, hanya ta toshe. Zan aika da jinin Damagaram su auna, amma ba sai sun gaya mini ba. Akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka kawai a gidansu?"

Barakatu ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Biyu."

Majo ya dube ta, daga nan ita ya koma yi wa magana. Ya ce a ɗauke wa Gidaɗo mai da kitse da zuma, ya koma tuwo da miyar kuka da wake da nono tsala. Ya yi tafiya kullum, amma a hankali, kada ya fara da gudu, in ƙirji ya riƙe shi ya tsaya. Ya ce saura kwana saba'in zaɓe, mu dawo ana saura uku, in jinin bai washe ba ba zai buga tampo ba ko kumandan ne ya zo da kansa.

A hanya Gajere ya ce Majo mutumin Dantchiao ne, matarsa daga can take. Ko gaskiya ne ko ƙarya, oho. Ya ce mu bar shi da zancen tampo, ya san wanda zai yi wa magana. Kafin magariba labari ya cika gari, makaɗinmu har ya yi sabon kirari: mai jinin man shanu. Aka ninka ciyarwa.

Abin da ba mu sani ba, Barakatu ta taɓa ganin farin nan. Jinin ƙaho ba a barinsa a fili, binnewa ake yi, kuma a gidan Yero ita ake ba kaskon ta kai bayan gida. Na ubanta, in ya ɗan jima a kasko, fari yake tasowa a kansa. Na Dikko ma haka. Tana yarinya ta ɗauka haka jinin maza yake, sai da ta yi aure ta binne na mijinta ta ga bambanci, amma ba ta san ma'anarsa ba sai ranar nan a likita. Gidaɗo ne ya ba ni labarin yadda suka yi, bayan shekaru. Ta shiga ɗakinsa ta zauna ta faɗa masa wannan duka, ba ta rage ba.

Ya ce, "Adda, ni ma ina jin abu yana danne mini ƙirji in na tashi. Amma in na fita aka ɗebi sawuna fa? Kin ga yadda ƙafar nan ta yi."

Ba ta ce masa sammu ƙarya ne ba, don ita ma ba ta ɗauke shi ƙarya ba. Ta ce, "Shanu talatin nake korawa kullum. Ka shiga gabansu, su bi bayanka. Wanda ya iya tsince sawunka a ƙarƙashin kofato ɗari da ashirin, ya ɗiba, na yafe masa."

Haka suka fara. Da an sallame asuba, kafin gari ya gama buɗe ido, sai ya sa malfa da tsohuwar rigar kiwo ta Dikko ya fita ta bayan garke. Ranar farko bai kai gawon farko na burtali ba, ya zauna ya dafe ƙirji, gumi yana zuba. Ta ce a tsayuwar nan ta gane in ya mutu a nan, ita ta kashe shi, ba gari ba, kuma ba wanda zai tsaya jin bayaninta. Ta tsare shanu, ta jira har numfashinsa ya dawo, ta mayar da shi gida. Washegari ta sake tashinsa. Man da ake kawowa kuwa tana karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta soya shi ta zuba a tulu ta liƙe baki, ta tura ƙarƙashin rumbu.

Ni na gan su a kwana na ashirin da wani abu. Na yi sammako zan ɗauko kara, sai na hango garke yana tafe da sauri fiye da yadda shanu suke tafiya da safe, wani ƙato yana sassarfa a gaba, ita tana baya tana karkaɗa sanda tana matse shanun su bi layi ɗaya. Malfa ba ta ɓoye irin wannan kafaɗa. Ta gan ni, ta tako har gaban bijimaina.

"Isufu, kai ka ɗauko Dikko."

"Ni ne."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta juya ta bi shanunta. Na riƙe bakina kwana talatin, kuma ban yi don jarumta ba, tsoron idonta ne ya fi tsoron Gajere.

Amma jiki ba ya ɓoye sirri. Wuyan Gidaɗo ya fito, tumbin ya sauka, rigar Juma'a ta fara yi masa yawa. Gajere ya sa aka kawo baskil: kilo casa'in da biyar. Gari ya ɗauki zafi. Mutum yana shan tulun mai yana ramewa, in ba sammu ba mene ne? Aka fara kallon wata baiwar Allah 'yar Dantchiao da ke aure a cikinmu, mata suka daina amsa gaisuwarta a rijiya. Gajere ya ce gobe zai mayar da Gidaɗo gidansa, ya kulle shi, ya ciyar da shi da hannunsa. Ni kuma, da wayona na mai amalanke, na ga bari in kwantar da hankalin mutane. Na ja Gajere gefe na ce ba sammu ba ne, tafiya ce kawai yake yi da safe. Baki shi ke yanka wuya. Ina rufe baki na san na yi ɓarna.

Da asuba muka taru a bayan garken Barakatu, mu fi arba'in. Ina cikinsu, a baya-baya. Suka fito kamar kullum, shi a gaba da malfa, suka yi kiciɓis da mu. Wasu samari sun riga sun shiga gidan, suka jawo tuluna daga ƙarƙashin rumbu, goma sha ɗaya, suka jera a gaban jama'a. Aka fasa bakin ɗaya. Ƙanshin man ya bugi mutanen da suka yi wata biyu suna cin tuwo ba mai don ɗan kokawarsu ya ci. Ido ya koma kan Barakatu.

Gajere ya matso gabanta. "Barakatu, me muka yi miki? Abin da muka hana 'ya'yanmu ke nan. Kasuwa za ki kai?"

"Da kasuwa zan kai da ba ku same shi ba. Naku ne, kowa ya ɗauki nasa, yaranku sun fi shi bukata."

"Kin fitar da shi fili, kin ba maƙiya sawunsa, kin ramar da shi saura kwana goma sha tara. Garin nan kika kayar."

"Sarkin samari, in ya faɗi a fili ya mutu, za ku yi kwana bakwai kuna zaman makoki, ku nemi wani yaron ku yi masa kirari. Ni ba ni da wani."

Wata tsohuwa ta ce mata baƙar mace. Wani ya ce a kwashe shanun mutane daga hannunta yau ɗin nan. Samari biyu suka matso za su kama Gidaɗo su ɗora a amalankena, don ni ma an ce in zo da amalanken, na kuma zo da shi. Ta sha gabansu da sandar kiwo, ba ta ɗaga ba, ta dai riƙe ta a gicciye. Na tabbata da ɗayansu ya taɓa ta da an yi abin da garin nan ba zai wanke ba.

Gidaɗo yana tsaye a bayanta. Yaro ne mai kunya, bai taɓa musa wa na gaba da shi ba, kuma yana tsoron sammu fiye da kowa a wurin. Sai ya sunkuya ya cire takalmansa. Ya ratsa ta gefen yayarsa, ya fita daga inda shanu suka tattake, ya je kan rairayi mai laushi da ba abin da ya taka, ya dasa ƙafar dama ya danna, ya ɗaga. Sawun ya fito sarai har yatsu biyar. Ya juyo ya dubi jama'a.

"Ga shi nan," in ji shi. "Mai so ya ɗiba. Zan yi muku kokawa, amma ba zan koma ɗaki ba."

Ya juya ya kama burtali da gudu, shanu suka bi shi don sun saba. Muka tsaya muna kallon sawun nan, ba wanda ya matsa kusa da shi. Daga baya na ga Gajere ya dawo shi kaɗai yana share shi da tafin hannu yana tofa addu'a, shi ya sa na ce muku mutumin nan ba mugu ba ne.

Ranar aka kwashe shanun mutane daga hannunta, suka koma tara. Kofato talatin da shida ba sa rufe sawu kamar ɗari da ashirin, sai ta ɗaura reshen ƙaya a igiya tana ja a baya. Ba mai sayen nononta a gari, sai ta kai Yekuwa a ƙafa.

Ana saura kwana uku muka koma wurin Majo Wada. Ya nuna mana takardar Damagaram ta jinin farko, da lambobin da ban gane ba, ya ce ko a littafi bai cika ganin irinsu ba. Ya saurari ƙirji, ya ce bugun ya sauka, ya natsu. Aka ɗebi jini, muka zauna. Wannan karon Barakatu ba ta tsaya a ƙofa ba, ta shigo ta durƙusa daidai kwalbar. Zaman bai fi na dahuwar wake ba, amma ni na ji kamar wuni. Ja ya fara sauka. Abin da ya taso bai yi garau kamar na sauran ba, da ɗan hazo a cikinsa, amma rawaya ne, kuma da Majo ya sa yatsa a bayan kwalbar mun gan shi.

"Bai warke ba," in ji Majo. "Irin gidanku ne, da shi zai zauna. Ranar da ya daina motsi ya koma wa mai, farin zai dawo. Amma yau zan buga." Ya buga tampo. Barakatu ta tashi ta fita waje, ta daɗe ba ta dawo ba.

Zan so in ce muku ya ɗauko takobi. Ranar zaɓe filin Magariya ya cika har kan katanga. Gidaɗo ya kayar da mutum biyu kafin azahar, ko haki bai yi ba. Na uku aka haɗa shi da Barau na Dantchiao, wanda ya zo da nauyin da ya fi na karonsu na rani. Suka sarƙe. Duk lokacin da Barau ya matse shi ya ɗaga, jama'a suna ihu, ni kuwa ƙirjin Gidaɗo nake kallo, don maganar Majo ta yunƙuri da ƙarfi ta ƙi fita daga kaina. Barakatu tana can bayan mata, ta ba fili baya, ta rantse ba za ta duba ba. Suka daɗe har makaɗa suka gaji. A ƙarshe Barau ya kwanta masa da nauyi, ƙafar Gidaɗo ta zame, gwiwarsa da hannunsa suka taɓa ƙasa. An yi kaye.

Da kilo goma sha huɗun nan suna jikinsa, da Barau bai tanƙwara shi ba. Haka mutanenmu suka ce a ranar, haka suke cewa har yanzu, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Barau ne ya tafi Damagaram. Shekara biyu aka yi kafin wata mace a Rijiyar Tamu ta sake sayen nonon Barakatu, ita kuwa ba ta taɓa ba kowa haƙuri ba, ba ta kuma taɓa yi wa kowa gori ba. Ni ma ban taɓa ba ta haƙurin bakina ba, na yi ta cewa gobe.

Da la'asar muka kamo hanyar gida. Mutanenmu suka yi gaba a ƙungiya, ba kiɗa, ba mai magana da mu. Na ce wa Gidaɗo ya hau, ya ce ya gaji da amalanke, zai taka. Barakatu ce ta hau, ta zauna a gefen hagu, inda ta zauna shekara huɗu da suka wuce. Ni haushi ya cika ni, na kaye, na kunya, na kaina. Na yi ta tsula wa bijimai bulala ba laifin komai. Gidaɗo yana gabanmu yana tafiya cikin rairayi, takalma a hannu, sawunsa yana bin hanya ɗaya bayan ɗaya ba mai sharewa.

"Isufu, sassauta musu," in ji ta. "Kada ka wuce shi, ina kallo."

Na ce, "Kallon me? An kayar da shi a gaban duniya."

Ba ta ɗauke ido daga bayansa ba. "A hanyar nan na kai Dikko gida cikin tabarma. Wannan da ƙafarsa zai shiga."

Sai a lokacin na ga tana kuka, ba sauti, hannunta yana riƙe da bakin katakon amalanke. Na ajiye bulala, na ja wa bijimai igiya, muka bi shi a baya a hankali har gida.